Shafin da Anka Tsallake

Ina aji biyar na sakandare a Sabon Birni anka kawo mana sabon malamin lissafi. Mutumin Isa ne, dogo, siriri, da tsagen Gobirawa a kumatu. Wani tsohon keke yake hawa wanda sarƙarsa ke zamewa kusan kullum daidai ƙofar makaranta, saboda haka da baƙin mai a yatsu yake shigowa aji. Ni ɗan Unguwar Lalle ne. Gidan ƙanen babana nake zaune cikin gari saboda karatu, in damina ta faɗi in riƙa komawa gida ranar Juma'a in kama hauya har yammacin Lahadi.

Malam ba ya duka, ba ya kuma yawan dariya. Da ya yi wata guda sai ya ce duk mai so ya dawo bayan la'asar gindin dogonyaron da ke bayan ɗakin malamai, akwai lissafin da ba ya cikin jadawali. Mu bakwai munka fara. Kafin sati biyu mun koma huɗu.

Wata rana ya zo da 'ya'yan aduwa cike da aljihu. Ya share ƙasa da tafin hannu ya aje guda ɗaya. Ya ƙara uku a gefenta, sunka zama huɗu, biyu-biyu layi biyu. Ya ƙara biyar, sunka zama tara, uku-uku layi uku. Ya ƙara bakwai, sha shida.

Ya ce, "Mi kunka gani?"

Ni na riga kowa magana. Na ce in an tara lambobin mara tun daga farko, wato ɗaya, uku, biyar, bakwai, waɗanda ba su rabuwa biyu daidai, amsar kullum wata lamba ce sau kanta. In guda uku anka tara, uku sau uku. In guda huɗu ne, huɗu sau huɗu.

"Kullum?"

"Kullum, Malam."

"Guda nawa ka gwada?"

"Huɗu."

"To tahi ka ƙara gwadawa."

Washegari na dawo da takarda cike da lambobi. Na tara guda talatin, na sami ɗari tara, talatin sau talatin ke nan. Na miƙa masa ina jiran yabo. Ya duba ya mayar mani.

"Talatin da ɗaya hwa?"

"Za ni gwadawa, Malam."

"Dubu hwa? Miliyan hwa? Lambobi ba su ƙarewa, ɗana, kai ko kana ƙarewa."

Sai ya ba mu wani aiki daban. Ya ce mu ɗauki kowace lamba, mu ninka ta sau kanta, mu ƙara ita lambar a kai, sannan mu ƙara arba'in da ɗaya. Ɗaya ta ba mu arba'in da uku, biyu ta ba mu arba'in da bakwai, uku ta ba mu hamsin da uku. Duk amsar da ta fito, babu lambar da ke raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta. Munka raba aikin mu huɗu, munka yi sati muna fama, munka wuce talatin ba mu sami ko guda da ta saɓa ba. Har rantsuwa na yi masa cewa wannan ma kullum ne.

Ya ce, "Saka arba'in."

Na saka, na sami dubu ɗaya da ɗari shida da tamanin da ɗaya.

"Raba ta da arba'in da ɗaya."

Ta rabu daidai, babu saura. Kunya ta kama ni, haushi kuma ya fi kunyar yawa. Na ce, "To Malam, in gwaji bai isa ba, yaya mutum zai san abu gaskiya ne a kan lambobin da bai taɓa gani ba?"

Ranar na fara ganin haƙoransa. Ya ce tambayar da yake jira ke nan tun watan jiya.

Ya tambaye ni yadda muke zuba gero a rumbu in anka yi gayya. Na ce mutane ke jeruwa daga inda anka tara damma zuwa bakin rumbu, wannan ya miƙa wa wannan. Ya ce to in ɗauka layin ba ya da iyaka, ban ga ƙarshensa ba. Abu biyu kawai nake bukata in sani kafin in rantse cewa dame zai kai hannun kowa a layin. Na ɗaya, mutumin farko ya karɓi dame. Na biyu, duk wanda ya karɓa, ko wane ne shi, zai miƙa wa na gaba da shi. In waɗannan biyun sun tabbata, na biyu ya samu daga na farko, na uku daga na biyu, haka har mutum na miliyan, ba sai na bi su ɗaya-ɗaya ba. Ya ce a littafin Turawa indokshan ake ce mata, shi kuwa hujjar bi-da-bi yake kiranta.

Sannan ya koma kan aduwar. Guda ɗaya, ɗaya sau ɗaya: mutumin farko ya karɓa. Ya ce, "Yanzu ɗauka kana da wanga jeri mai tsawo da faɗi daidai, kada ka hwaɗa mani girmanshi. Kana son ka ƙara mashi layi guda ta kowane ɓangare. Aduwa nawa kaka bukata?" Na duba ƙasa. Layi guda a gefe, layi guda a ƙasa, da guda ɗaya a kusurwa. Tsawon gefen sau biyu, da ɗaya. In gefen huɗu ne, tara. In biyar ne, sha ɗaya. Ko nawa ne gefen, abin da ake bukata shi ne lambar mara da ke biye. Na zauna ina kallon 'ya'yan aduwa ashirin da biyar a ƙasa, na san wani abu tabbas game da lambobin da ba wanda zai taɓa ƙirgawa. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan yammacin a makaranta ba, kafinsa ko bayansa. Saboda shi na tafi kwalejin horon malamai na karanta lissafi.

Bayan na gama anka turo ni makarantar da na baro, a matsayin malamin wucin gadi. Anka ce takardar tabbatar da aiki tana nan tafe. Na yi shekara biyu tana nan tafe. A cikin shekarun na yi aure, babana kuma ya fara barin gonarmu ta nesa saboda daji ya soma lalacewa, ba a zuwa can sai an yi ayari. Idon gida duka ya dawo kaina.

Malam ya karɓe ni kamar ɗa. A tebur ɗaya muke zama a ɗakin malamai. A nan na ga littafinsa, wani ƙaton littafin rubutu mai bango baƙi, takardunsa sun yi ja don tsufa. Shekara da shekaru yana rubuta yadda yake koyar da kowane darasi, bayanin da Hausa, alamomin kamar yadda suke a littafin jarrabawa. Babin hujjar bi-da-bi ya fi kowane tsawo. Na roƙe shi ya ara mani, ya ara, ya ce in kiyaye shi daga ruwa da gara.

Littafin yana hannuna a aji ranar da jami'in da ke duba makarantun shiyyarmu ya zo. Mutum ne mai fara'a, mai farar shadda da ƙamshin turare, ya san sunan kowa. Ya zauna bayan aji ya ga yara na amsa tambaya a darasin da ko a manyan makarantu tsallake shi ake yi. Da munka fito ya karɓi littafin ya yi ta buɗawa.

Ya ce, "Wanga ai dukiya ce. Ba ni shi sati guda in sa a ɗauki hotonshi, kowace makaranta ta samu."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba nawa ba ne, na Malam ne. Ya tahi jana'iza Isa, sai gobe."

"Ai don shi nika yi. Za ni hwaɗa ma na sama aikinshi. Kai ne takardarka ba ta hito ba, ko? Tuna mani in na dawo."

Na ba shi. Da Malam ya dawo na gaya masa, sai ya ce, "Da ka jira ni." Wata biyu littafin ya yi kafin ya dawo, da tabon shayi a bangon.

Farkon zango na gaba anka kira malaman lissafi na shiyyar duka taron ƙara wa juna sani a Isa, a babban ɗakin wata makaranta. Mun kai mu arba'in. A bakin ƙofa anka miƙa wa kowa sabon ɗan littafi mai bango shuɗi. Sunan jami'in ne a gaba da manyan baƙaƙe, hotonsa a baya. Na buɗe. Ga gayyar damma, ga 'ya'yan aduwa, ga arba'in da ɗaya. Ko jimla ɗaya ba a canza ba. Na duba shafin godiya, ya gode wa iyayensa da shugabanninsa da wanda ya buga masa a na'ura.

Malam na kusa da ni. Ya sa tabarau yana bin shafukan a hankali, yana lasar yatsa. Na kasa dubansa. Da ya kai wani wuri sai ya tsaya, ya juya shafin, ya dawo, ya sake juyawa. Ya rufe littafin ya aje a cinya.

Na san abin da ya gani. A littafinsa akwai wani misali na ƙarya da ya saka da gangan don ya kama ɗalibai. Misalin ya ce in an tara lambobin mara, amsar ita ce lamba sau kanta da ƙarin ɗaya. Abin sha'awar shi ne mataki na biyu yana tafiya lafiya lau: in ka yarda haka ne ga wata lamba, lissafi zai nuna maka haka ne ga ta gaba da ita. Kowa a layin a shirye yake ya miƙa. Amma mutumin farko bai karɓi kome ba, domin in ka saka ɗaya, sai ka ga ɗaya daidai take da biyu. Malam ya rubuta wannan bayanin a bayan shafin da jan biro, ya ja masa layi biyu. Wanda ya kwafa bai juya shafin ba. A sabon littafin ƙaryar ta zauna cikin 'yan'uwanta a matsayin misali na shida, babu gargaɗi.

Jami'in ya hau kan dandamali da alli. Ya iya magana, ba zan hana shi wannan ba. Ya bi misalai biyar yana ba mutane dariya. Ya zo na shida ya kwafe shi a allo daga littafin, layi bayan layi, ya ja layi biyu a ƙarshe ya ce, "Kun ga ya tabbata." Malamai sunka duƙa suna kwafa. Yawancinsu ba lissafi sunka karanta ba, rashin malamai ne ya sa anka ɗora masu darasin.

Malam ya ɗaga hannu. Na taɓa gwiwarsa a ɓoye, ya ture hannuna.

"Yallaɓai, a saka muna ɗaya mu gani."

"Ɗaya mi?"

"Lamba ta hwarko. A saka ta hagu, a saka ta dama."

Jami'in ya juya ga allo yana murmushi. A hagu ya rubuta ɗaya. A dama, ɗaya sau ɗaya da ƙarin ɗaya, ya rubuta biyu. Ya tsaya da alli a hannu. Wani daga baya ya ce, "Ashe yau ɗaya ta zama biyu!" Ɗakin ya fashe da dariya.

Ya goge da sauri ya ce kuskuren mai bugawa ne, za a gyara.

Da Malam ya yi shiru a nan, da ƙila an wuce wurin. Amma ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ba kuskuren mai bugawa ba ne, yallaɓai. Haka ni rubuta shi, da gangan, don yara su gane ba a tsallake matakin hwarko. Bayanin shina bayan shahin da jan biro. Ba a juya ba. Ina roƙon a hwaɗa ma malaman ga kada su kai shi aji haka."

Dariyar ta tsaya. Jami'in ya ce lokacin salla ya yi, a tashi. A wurin cin abinci ba wanda ya zauna kusa da Malam sai ni, ni ma ina gama shinkafata na tashi kamar ina neman ruwa.

Bayan kwana goma shugaban makarantarmu ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce an rubuta ƙarar Malam kan cin mutuncin na gaba da shi a bainar jama'a da yi masa ƙazafin sata. Kwamiti na zuwa ranar Talata, kuma Malam ya ba da sunana a matsayin shaida.

Ya ce, "Ba ni ce ka yi ƙarya ba. Amma ka san teburin da takardarka take. Malam shekara biyu ta rage mashi shi aje aiki. Kai yanzu ka hwara, matarka ga ta da ciki. Ka yi tunani."

Na yi tunani kwana huɗu. Ina so in ce na sha wahala wajen yanke shawara, amma tun a ofishin na san abin da za ni yi. Sauran kwanakin kalmomin da za ni faɗa kawai nake nema.

Su uku sunka zo, ni kuwa ina baranda ina hango su ta taga. Malam ya kawo littafinsa ya aje a tebur. Babbansu ya buɗe ya ce babu kwanan wata a ko'ina, wa ya san wanda ya kwafa daga wani? Takardun nan da sunka yi ja, da tawadar da ta koɗe, yana kallonsu yana faɗin haka. Sannan anka fitar da Malam anka shigo da ni.

"Kai ka ba jami'i wanga littahi?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ranar da ya zo na ba shi wasu takardu. An daɗe. Ba ni iya rantsuwa ko wanga na ciki."

"Wato ba ka da tabbas."

"Ba ni da tabbas."

Mai rubutu ya rubuta, ya juyo da takardar na sa hannu. Duka bai kai minti biyar ba. Da na fito Malam na zaune a kan benci a baranda, littafin a hammata. Ya ɗago ya dube ni. Na ce masa ina da aji, na wuce. Ba ni da aji a lokacin. Bayan ɗakin gwaje-gwaje na je na tsaya har anka tashi.

Hukunci ya fito kafin ƙarshen wata. Anka mayar da shi wata ƙaramar makaranta a ƙauye gaba da Bafarawa, inda mota ba ta shiga in ruwa ya sauka, sai babur. Anka ce an yi masa sassauci saboda shekarunsa. Sati uku bayan haka takardata ta fito. Anka ba ni ajujuwansa duka da kujerarsa. A gida anka yi murna, innata ta dama fura ta raba wa maƙwabta, babana ya sa mani albarka. Na karɓi albarkar.

Ranar da zai tafi malamai sunka taru a bakin ƙofa ana sallama. Ya bi kowa ya ba shi hannu, ni ma ya ba ni. Ya ce, "Yaran aji shida ba su gama babi na tara ba. Kada ka yi masu gaggawa." Keken ya bar wa mai gadi, don ba ya iya yashin can.

An sake buga shuɗin littafin. Misali na shida anka cire gaba ɗaya, na bakwai ya zama na shida. Ba a mayar da bayanin jan biron ba, domin babu wanda ya koma ya tambayi dalilin misalin. Jami'in ya sami ƙarin girma, anka kai shi Sakkwato. Da littafin nake koyarwa har yau, shi ne anka amince da shi. Duk shekara in na zo wurin sai in rufe shi in rubuta misalin ƙaryar a allo daga kaina, in bar yara su faɗa ciki, sannan in ce su saka ɗaya. Suna jin daɗinsa ƙwarai. Wata shekara wata yarinya ta tambaye ni ko ni na ƙirƙiro shi. Na ce a'a, wani malami ne. Ba ta tambayi ko wane ne ba, ni ma ban ƙara ba.

Malam bai cika shekara biyun a can ba. Hanyar ta lalace, 'yan bindiga sunka fara tare mutane ranar kasuwa, iyaye sunka kwashe 'ya'yansu, anka rufe makarantar. Na ji labari a bakin wani ɗan acaba cewa sau biyu yana kwana a gonar dawa shi da mutanen ƙauyen. Ya dawo Isa da tari wanda bai sake shi ba. Na yi ta cewa za ni tafi gaishe shi. Tsakanin Sabon Birni da Isa ba wata tafiya ba ce, ko da hanya ba lafiya ana bi da rana. Shekara uku na yi ina cewa za ni.

Da na je, a rumfar ƙanensa na same shi cikin kasuwa, inda ake sayar da taki da maganin feshi. Yana zaune a kan buhu yana auna wa wani manomi taki da tiya. Ya rame har tsagen fuskarsa sun nutse. Ya gane ni tun daga nesa.

"Malam ƙarami! Yau kai ne garinmu?"

Na durƙusa na gaishe shi. Ya sa anka kawo mani fura. Ya tambayi babana, ya tambayi yarinyar da anka haifa mani, ya tambayi ɗalibai nawa ke zaman jarrabawa bana. Na amsa duka. Na zo da magana a bakina, na tsara ta tun cikin mota. Na ce, "Malam, game da ranar da kwamiti..."

Ya ɗaga hannu. "Sun karanta mani amsarka tun ranar. Da sa hannunka."

Na sunkuyar da kai.

"Ban yi mamakin shugaban makaranta ba, ban yi mamakin jami'i ba. Kai ma da ka ce ba ka ba shi ba, da na ce tsoro ne, kowa na jin tsoro. Amma cewa ka yi ba ka da tabbas." Tari ya sarƙe shi, ya jira ya lafa. "Kai da ni koya ma wada aka sanin tabbas."

Na ce, "Ku gahwarce ni, Malam."

Ya ce, "Sha hurarka, tana tsami." Wani mai saye ya zo, ya juya gare shi. Na zauna kusan awa guda yana ciniki, yana yi mani magana jefi-jefi a kan tsadar taki da ruwan da ya yi jinkiri. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Da za ni tafi ya ce in yi sauri in sami motar azahar, bayan la'asar ba a bin hanyar.

Bayan girbin shekarar ya rasu. Na sami labari a makare, ban sami jana'iza ba, sai ranar addu'ar uku na je. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, tsofaffin ɗalibansa sun zo da dama, wasu daga nesa. Muna zaune wata farar mota ta tsaya, jami'in ya fito, ya ƙara ƙiba, ga furfura a gemu. Anka matsa masa wuri a gaba. Bayan addu'a ya nemi izini ya yi magana. Ya ce marigayi abokin aikinsa ne na ƙut-da-ƙut, mutum mai gaskiya wanda ba ya tsoron kowa, irinsu sun yi ƙaranci. Ya ce shiyyar nan ta yi rashin da ba za a mayar ba. Ya yi addu'a mai tsawo, mutane na amsawa. Ina jin muryata cikin masu cewa amin.

Da anka watse ya hango ni. Ya kira ni da sunana, ya ce ai Sabon Birni zai bi, in zo ya rage mani hanya. Motocin haya sun riga sun tashi, rana ta fara yin sanyi. Na shiga na zauna a baya kusa da shi. Direba ya kunna sanyi, munka bi ta gonakin da anka bari ciyawa ta cinye, yana nuna mani su yana girgiza kai. Ya tambaye ni matakin da nake yanzu a aiki, ya ce ya kamata a ce na wuce nan, zai duba.

Mun kusa gari ya gyara zama ya rage murya.

"Af, marigayi bai bar wasu rubuce-rubuce ba? Na ji an ce ya yi wani a kan lissahin kusurwoyi. Kai ne na kusa da shi. Ka tambayi iyalinshi in an kwana biyu, kada gara ta cinye. Asara ce."

Na ce to, ranka shi daɗe.

Ya sauke ni a tasha, ya miƙo mani goro biyu ta taga, ya ce in gaida gida. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, na yi masa addu'ar sauka lafiya. Na tsaya har motar ta sha kwana. Ban tambayi iyalin Malam kome ba, ban kuma sake taka ƙofar gidan ba. Ƙarin girmana ya zo a zango na gaba.